Tarihin Dokar Hayaƙi a Ƙasar Ingila

Cikin ayyukan da doka ta ɗora wa majalisun garuruwa na ƙasar Ingila, irin su kwashe shara da duba kasuwanni da gidajen abinci, akwai wani aiki guda wanda baƙo zai yi mamaki in ya ji shi, watau tsaron iskar da mutane ke shaƙa. Wajibi ne kowace majalisa ta riƙa auna iskar yankinta, ta rubuta abin da ta samu, ta aika wa Gwamnati kowace shekara. In kuwa ta ga iskar wata unguwa ta ɓaci har ta zarce iyakar da aka yanka, tilas ta yi shela ta faɗa, sa'an nan ta tsara yadda za a gyara. Wannan aiki bai sauko musu rana ɗaya ba. Sai da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tari, aka yi ta kafa dokoki suna faɗuwa, har aka binne dubban mutane a sanadin hazon kwana biyar, kāna aka gane wanda ya kamata a danƙa wa abin, da irin ikon da ya kamata a ba shi.

ASALIN HAYAƘIN

Ingila ƙasar sanyi ce, ba a iya zama cikin ɗaki da hunturu sai da wuta. Da itace ya yi wuya kewaye da birnin Landan sai mutane suka koma ga kwal, wanda a ke haƙowa a arewacin ƙasar, a kawo shi cikin jiragen ruwa. Kwal yana da araha, yana da zafi, amma hayaƙinsa baƙi ne mai nauyi, cike da kunkunniya da tururin farar wuta mai shaƙe maƙogwaro. Tun wajen shekara ta 1306 Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya yi shelar hana masu sana'a ƙona shi a Landan, amma shelar ba ta yi ƙarko ba, domin ba a nuna wa mutane abin da za su ƙona maimakonsa ba. Cikin 1661 wani masani mai suna John Evelyn ya rubuta ɗan littafi ya miƙa wa Sarki Charles na Biyu, ya ba da shawara a fitar da masu gasa farar ƙasa da masu rini da masu dafa sabulu zuwa bayan gari, a kuma dasa itatuwa masu ƙanshi kewaye da birnin. Sarki ya yaba, shi ke nan, magana ta kwanta.

Sa'ad da zamanin injuna ya zo, abin ya haɓaka. Garuruwa kamar Manchester da Leeds da Sheffield suka cika da masaƙu da maƙeru, kowace da dogon bututunta na hayaƙi. Gine-gine suka yi baƙi ƙirin, ciwon ƙirji ya zama ruwan dare. Duk da haka talakawa da yawa ba su ƙi jinin hayaƙin ba, don a wurinsu bututun da ke hayaƙi alama ce akwai aiki, ranar da ya yi sanyi kuwa ranar yunwa ce.

DOKAR 1875 DA ƘOFOFIN DA TA BARI

Cikin 1875 Majalisar Dokoki ta kafa babbar Dokar Lafiyar Jama'a, wadda ta umurci hukumar kowane gari ta riƙa zagaya yankinta tana neman abubuwan da ke cutar mutane, ta kuma hana su. Baƙin hayaƙi yana cikin jerin. Landan tana da dokokinta dabam, amma ƙa'idarsu kusan ɗaya ce. Ma'aikacin da a ke aikawa, wanda aikinsa ya yi daidai da na duba-gari, ya kan tsaya a bakin hanya da agogo a hannu, ya zuba wa bututun masana'anta ido, yana ƙirga mintocin da baƙin hayaƙi ya yi yana fita. In sun yi yawa ya rubuta, a ba mai masana'anta gargaɗi, in ya ƙi ji a kai shi gaban majistare.

A takarda abin ya yi kyau, amma dokar ta bar ƙofofi a buɗe. Mai masana'anta yana iya kuɓuta in ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen rage hayaƙin. An kuma keɓe masu haƙar ma'adinai da masu narka ƙarfe, aka ce kada a takura musu. Tarar da a ke ci ba ta taka kara ta karya ba, biyanta ya fi gyaran tanderu sauƙi. Ga shi kuma a garuruwan masana'antu sau da yawa masu bututun nan su ne wakilan majalisa, ko 'yan'uwansu ne ke zaune a kujerar shari'a. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ƙofar da ta fi duka girma kuwa ita ce ta gidajen zama. Dokar ta faɗa a fili ba ta shafi bututun gidan kowa ba. Mutumin Ingila yana ƙaunar buɗaɗɗen murhunsa, inda iyali ke kewayewa da dare suna kallon harshen wuta, yana kuma ganin cikin gidansa hukuma ba ta da ta cewa. Ba wakilin da ya yarda ya taɓa wannan murhu don tsoron ranar zaɓe. Da aka sake ƙarfafa dokar cikin 1926, nan ma aka tsallake gidaje. Alhali kuwa murhun gida ba ya cinye kwal sosai kamar tanderun masana'anta, bututunsa kuma gajere ne, hayaƙinsa a cikin unguwa ya ke sauka.

Waɗansu garuruwa ba su jira Gwamnati ba. Majalisar Manchester ta nemi doka tata ta kanta cikin 1946, wadda ta ba ta ikon yanke wani yanki ta ce a nan ba hayaƙi ko kaɗan. Coventry ta fara aiki da irin wannan yanki cikin 1951, Manchester ta buɗe nata a tsakiyar gari cikin 1952. Yankunan ƙanana ne, amma sun nuna abin mai yiwuwa ne.

KWANA BIYAR NA DISAMBA

Ran Jumma'a 5 ga Disamba 1952 aka wayi gari a Landan da sanyi mai tsanani, iska kuwa ta tsaya cik. Kowane gida ya tula kwal a murhu. Kwal ɗin ma maras kyau ne, mai yawan gari da farar wuta, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai kyan a kan sayar da shi ƙasashen waje don biyan bashi. A bisa al'ada iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, saboda haka hayaƙi ya kan tashi ya watse. A wannan mako sai abin ya juya. Iska mai sanyi ta kwanta cikin kwarin Kogin Thames, mai ɗumi ta zauna bisanta, sai ka ce an kife birnin da ƙwarya. Hayaƙin gidaje da na tashoshin lantarki da na motoci duk ya rasa hanyar fita, ya gauraya da laimar da ke cikin iska.

Wanda ya san hazon hunturu na ƙasar Hausa kada ya zaci irinsa ne. Wancan ƙura ce busasshiya da iska ke kwasowa daga Hamada. Na Landan jiƙaƙƙe ne, ruwan ɗorawa mai duhu, mai wari, yana baƙanta hanci da tufafi. A waɗansu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafafunsa. Motocin haya suka tsaya, har motocin ɗaukar marasa lafiya suka kasa fita, sai mutum ya lallaɓa ya kai kansa asibiti. Hazon ya shiga cikin ɗakuna, har a gidan wasa na Sadler's Wells aka dakatar da wasa don 'yan kallo ba su ganin dandali. Shanun da aka kawo bikin nunin dabbobi suka kama haki, waɗansu suka mutu, waɗansu aka yanka su. Sai ran Talata 9 ga wata iska ta taso ta kwashe shi.

Mutanen Landan sun saba da hazo, don haka ba a firgita ba sa'ad da a ke ciki. Masu sayar da akwatin gawa da masu furanni su suka fara lura kayansu na ƙarewa. Da aka tattara littattafan rajistar mutuwa sai aka ga mutum wajen 4,000 sun rasu bisa abin da aka saba gani a irin wannan lokaci, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji ko na zuciya. Mace-macen ba su tsaya nan ba, sun ci gaba har cikin watannin farko na 1953, aka jingina su ga mura. Cikin 2001 waɗansu masana suka sake bin lissafin, suka ce jimlar ta kai wajen 12,000.

DOKAR 1956

Da fari Gwamnati ta yi sanyin jiki, tana cewa dokokin da ke akwai sun isa. Da surutu ya yi yawa sai ta naɗa kwamiti cikin 1953, ta ba wani injiniya, Sir Hugh Beaver, shugabancinsa. Kwamitin ya ba da rahotonsa na ƙarshe cikin Nuwamba 1954. Ya ƙiyasta ɓarnar da gurɓatacciyar iska ke yi wa ƙasar ta kai fam miliyan 250 a shekara, ya kuma faɗi abin da aka daɗe ana kauce wa, cewa kusan rabin hayaƙin ƙasar daga murhun gidaje ya ke fitowa. Wani wakili, Gerald Nabarro, ya gabatar da shirin doka na kansa a Majalisa, bai janye ba sai da Gwamnati ta yi alkawarin kawo nata. Ta haka aka sami Dokar Tsabtace Iska, wadda aka sa wa hannu cikin Yuli 1956.

Dokar ta hana fitar da hayaƙi mai duhu daga bututun kowane gini. Don kada a yi ta gardama a kan ma'anar duhu, sai aka ɗauki wani allo da wani Bafaranshe mai suna Ringelmann ya ƙago, mai launi hawa hawa daga fari zuwa baƙi. Duba-gari ya kan kafa allon nesa kaɗan, ya gwada shi da hayaƙin, in ya kai hawa na biyu ko ya wuce an karya doka.

Amma ƙashin bayan dokar shi ne ikon da ta ba kowace majalisar gari ta yanke yankin hana hayaƙi. Ga yadda a ke yi a wancan lokaci. Ma'aikatan majalisa su bi gida gida su ƙirga murahu, su ƙiyasta kuɗin gyara. Majalisa ta rubuta umurni, ta buga shi cikin jarida, ta manna a unguwa, domin mai ƙorafi ya kawo. Sa'an nan a aika wa Minista ya tabbatar. Bayan ya tabbatar sai an ba mutane aƙalla wata shida su shirya. Daga ranar da umurni ya fara aiki, duk gidan da bututunsa ya yi hayaƙi ana iya cin mai shi tara har fam 10, sai fa in abin da ya ƙona yana cikin waɗanda aka yarda da su, kamar gasasshen kwal wanda aka riga aka fitar da hayaƙinsa, ko gas, ko lantarki.

Abin da ya raba wannan doka da shelar Sarki Edward shi ne ta zo da kuɗi a hannu. In gyaran murhu ya ci fam 10, mai gida ya biya 3, majalisa ta biya 3, Gwamnati ta biya 4. Da haka duba-gari ya sami fuskar shiga gidan da dā ba ya isa ya leƙa, domin ya zo da hani, ya kuma zo da taimako.

Sai dai dokar cewa ta yi majalisa tana iya yin haka in ta so, ba ta ce dole ba. Majalisun Landan da na waɗansu manyan birane suka himmatu. A garuruwan masu haƙar kwal kuwa aka yi ta jan ƙafa, don ma'aikatan rami ana ba su kwal kyauta ko da rahusa cikin ladan aikinsu, hana su ƙona shi kamar rage musu albashi ne. Cikin Disamba 1962 wani hazon ya sake rufe Landan, mutum wajen 750 suka rasu. Saboda haka cikin 1968 aka ƙara wata doka, wadda ta ba Minista ikon tilasta wa majalisar da ta yi sakaci, ta hana sayar da kwal mai hayaƙi don amfani cikin yankin hani, ta kuma ce sai majalisa ta yarda da tsawon bututun sabon tanderu kafin a gina. Cikin 1993 aka haɗa dokokin nan suka zama guda.

AIKIN AWO

Tun kafin doka ta tilasta, majalisu da yawa sun riƙa auna iska don ra'ayin kansu. Cikin 1961 aka haɗa aikinsu ya zama awo na ƙasa duka, a wurare wajen 1,200. Na'urar ba ta da wuyar fahimta. Wani ɗan famfo ne ke zuƙo iska daga waje dare da rana, ta bi ta cikin farar takarda mai tacewa, kunkunniya ta bar tabo a kai. Daga nan iskar ta wuce cikin kwalba mai ruwan magani, wanda ke kama tururin farar wuta. Kowace safiya ma'aikaci ya zo ya cire takardar, ya auna duhun tabon, ya gwada ruwan, ya rubuta cikin littafi. Aiki ne na haƙuri wanda ba a yi wa mai yinsa kirari, amma da waɗannan littattafai aka tabbatar hayaƙi yana raguwa shekara bisa shekara, aka kuma san garuruwan da suka rage a baya.

Gaskiya ba doka kaɗai ta kawo sauƙin ba. An sami gas a ƙarƙashin Tekun Arewa cikin 1965, gidaje suka yi ta komawa gare shi don ya fi tsabta da sauƙin aiki, jiragen ƙasa kuma suka bar kwal. Doka ta tura, zamani ya ja.

HAYAƘIN DA IDO BA YA GANI

Baƙin hayaƙi na ƙarewa sai ga wani ya maye gurbinsa. Motoci sun yi yawa, kowace tana fitar da wata iska da a ke kira naitirojin dayoksaid, da ƙura mai laushi ƙwarai wadda ke shiga can cikin huhu. Cikin Disamba 1991 iska ta sake tsayawa a Landan kwana da kwanaki, awon wannan iska ta motoci ya hau inda ba a taɓa gani ba. Allon Ringelmann ba shi da amfani a nan, don babu bututu guda da za a nuna a ce ga mai laifi.

Dokar Muhalli ta 1995 ita ta mai da awo wajibi. Ta umurci Gwamnati ta tsara manufa ta ƙasa duka, aka fitar da ita cikin 1997, aka yanka wa kowace irin guba iyaka. Ta naitirojin dayoksaid, alal misali, ita ce kada matsakaicin awon shekara ya wuce maikirogiram 40 cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya kowane gefe. Sa'an nan ta ɗora wa kowace majalisa ta riƙa bincika iskar yankinta. Inda ta ga ba za a cim ma iyakar ba, a wurin da mutane ke zama, dole ta ayyana wurin ya zama yankin kula da iska, ko titi guda ne ko gari sukutum, ta kuma rubuta shirin gyara. An ayyana ɗaruruwan irin waɗannan yankuna, mafi yawansu saboda motoci. Yawancin awon kuwa da wani ɗan bututun roba a ke yi, tsawonsa kamar yatsa, a ɗaure shi jikin sandar fitilar titi, bayan wata guda a cire a aika ɗakin gwaji a sa sabo. A manyan hanyoyi akwai na'urori masu ba da awo kowace sa'a.

Nan ma an bar ƙofa. Dokar ta tilasta awo da shela da rubuta shiri, amma ba ta kama majalisa da laifi ba in iskar ta ƙi gyaruwa. Ga shi kuma a wurare da yawa majalisar da ke awo dabam, mai riƙe da hanyoyi dabam, domin tituna suna hannun majalisar lardi, manyan hanyoyi kuwa na hukumar ƙasa ne. Mai ganin ciwo ba shi ke riƙe da magani ba. Waɗansu yankuna suka shekara goma har ashirin da suna a takarda, iska tana nan yadda ta ke.

Cikin Fabrairu 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 ta rasu da ciwon fuka a Lewisham, kudancin Landan. Gidansu yana dab da wata babbar hanya, an kuma kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku. Uwarta ba ta bar maganar ba. Wani babban likita ya ɗauki ranakun da ciwon ya tashi ya gwada su da awon na'urorin da ke kusa da gidan, ya ga suna tafiya tare. Cikin Disamba 2020 alƙalin binciken sanadin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, wannan ne kuwa karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a ƙasar. Ya kuma lura ba a taɓa gaya wa uwar haɗarin da ke cikin iskar unguwarsu ba. Awo yana nan a rubuce, bai kai ga wadda ta fi kowa bukatarsa ba.

Kafin wannan hukunci ma kotuna sun riga sun kama Gwamnati da gazawa sau uku, cikin 2015 da 2016 da 2018, ita kuma ta umurci waɗansu majalisu su ɗauki mataki. Birmingham ta fara karɓar fam 8 a rana daga tsofaffin ƙananan motoci masu shiga tsakiyar gari cikin Yuni 2021. A wannan shekara aka kafa sabuwar Dokar Muhalli, wadda ta ce shirin gyara sai ya faɗi abin da za a yi da ranar da za a gama, ta kuma tilasta wa majalisar lardi da sauran hukumomin da ke da hannu cikin ɓarnar su sa hannu cikin gyaran.

Wani abin mamaki, murhun nan da aka sha fama da shi ya komo ta bayan gida. Masu hali sun shiga sayen murhun itace don ƙawa da jin ɗumi, har ƙona itace a gidaje ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ƙura mai laushi ke shiga iskar ƙasar. Daga 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace ƙulli ƙulli don ƙonawa a gida, daga 2022 kuma majalisun Ingila suka sami ikon cin tarar fam 175 zuwa 300 a kan bututun da ya yi hayaƙi cikin yankin hani, ba sai an je kotu ba.

Wanda ya bi labarin nan daga farko zai ga inda aka ci nasara da inda aka sha wuya. Cikin 1875 an ba majalisa aiki aka hana ta shiga gida. Cikin 1995 an ba ta ma'auni, hanya kuwa tana hannun wani. Dokar 1956 ita ce ta haɗa mata iko da kuɗi wuri ɗaya, a ƙarƙashinta ne kuwa baƙin hazon Landan ya tafi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.